Finjalin da Na Ajiye a Ƙasa

Lahadi, 5 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

An sa rana. Talata 28 ga wata, ƙarfe takwas na safe, za a shiga da Ustaz Talal ɗakin tiyata. Shi ne na goma sha biyu, kuma na ƙarshe. Dakta Lamis, shugabar bincikenmu, ta aika aka sayo kunafa, abin zaƙin nan mai cuku, tire guda, kowa ya ci har masu shara. Ni ma na ɗauki nawa na ajiye a kan tebur, ƙudaje suka taya ni.

Suhad, matata, ita ta ba ni wannan littafi. Ta ce tunda na daina magana a gida, in gwada yi wa takarda. To bari in fara daga farko kamar wani ne zai karanta.

Ni nas ne, amma shekara biyu ke nan aikina ya koma na baki. Ni ke zama da marasa lafiya da danginsu in yi musu bayani. Muna neman waɗanda ciwon damuwa ya kwantar shekara da shekaru, an gwada kowane magani ya ƙi. A huda ƙoƙon kai wuri biyu, a zura wayoyi biyu sirara har cikin ƙwaƙwalwa, a binne ɗan batir ƙarƙashin fatar ƙirji ya riƙa aika wuta kaɗan-kaɗan. Ko yana magani ko ba ya yi, abin da ake son ganowa ke nan. Haka nake faɗa wa kowa, ba ƙari ba ragi. Sannan in buɗe shafi na goma sha huɗu in karanta da ƙarfi: kana iya janyewa a kowane lokaci, ba wanda zai tambaye ka dalili.

An ce in ba a cika mutum goma sha biyu kafin ƙarshen Oktoba ba, sakamakon zai yi rauni, wataƙila goma sha ɗayan da aka riga aka huda wa kai sun sha wahala a banza. To an cika, kuma ni na kawo shi. Dakta ta ce, "Gassan, ba don kai ba da mun shiga uku." Na ce yin Allah ne.

Takardunsa duka daidai suke.

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe 1 na rana

Na sake ciro fayil ɗinsa. Sa hannunsa yana nan, na shaida yana nan. Daidai suke.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Sun zo nan Amman daga Karak, can kudu, ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, shi da mahaifinsa, Abu Talal. Tun daga ƙarshen baranda Abu Talal ya hango ni ya ɗaga sanda, "Ga ɗan garinmu!" Duk masu jira suka waiwayo. Ƙauyen kakana tudu biyu ne tsakaninsa da nasu, shi ke nan na zama ɗa. Ya danƙa min leda, curin busasshen nono uku na yin mansaf, shinkafa da naman rago irin na baƙi. Na ce doka ta hana mu karɓar kyauta. Ya ce, "Doka ta san ni Miflih? Karɓi, kada in saɓa maka a gaban mutane." Na karɓa.

Talal shekararsa talatin da shida. Lissafi yake koyarwa a sakandare kafin abin ya kama shi shekara bakwai da suka wuce. Magana yake yi a hankali, kamar kowace kalma sai ya hau bene ya ɗauko ta.

Akwai tambayoyi goma da muke yi kafin aiki don a tabbatar mutum ya gane abin da ya sa wa hannu. Na shiga da shi ɗaki, tsohon ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran murya. Na ce, "Ustaz, ka san wata shidan farko batirin na iya zama a kashe ba ka sani ba?" Ya ce, "Rabi a kunne, rabi a kashe, kamar an jefa kwabo." Na tambaye shi haɗarin, ya jero su har da wanda na manta. Sai ta goma: "Kana iya janyewa in ka ga dama?"

Ya dubi ƙofa, ya dube ni. Ya ce, "A takarda, eh."

Na sa alamar ya ci. Goma bisa goma.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan magariba

Suhad ta kawo gahawa, na ce shayi nake so. Ta tsaya da tiren a hannu ta ce, "Abu Lina," wato baban Lina, 'yarmu, "sati uku ke nan. Gahawata ce ta yi maka laifi ko mai gahawar?" Na ce cikina ne. Ta ce, "Cikin da ya shanye kwano biyu na wake ɗazu? Allah ya ƙara masa lafiya." Ta zauna ta shanye nata da nawa tana kallona. Matar nan da 'yar sanda ta zama da ba sauran ɓarawo a Amman.

Asabar, 11 ga Oktoba, da hantsi

A takarda, eh. Amsa ce daidai. Ba a ce sai mutum ya yi murmushi ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, ƙarfe 3 na rana

Umm Ra'id ta zo a duba ta, ita ce ta huɗu cikin waɗanda aka yi wa aikin. Bara a keken marasa lafiya 'ya'yanta suka turo ta, ba don ƙafa ba, don ta ƙi tashi. Yau ta shigo tana yi wa surukarta faɗa a waya kan yawan gishiri. Na ji daɗi har idona ya kawo ruwa. Irin wannan nake tunawa in zuciyata ta fara cin kaina.

Sai dai akwai na bakwai, wanda ba na son rubuta sunansa. Wurin ya ruɓe, aka cire komai, ya koma gida da tabo biyu da ciwonsa cif. Shi ma ni na karanta masa shafi na goma sha huɗu. Amma shi da ƙafarsa ya zo, har roƙonmu ya yi.

Saura kwana goma sha shida.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe 2 na rana

Nawal ta kira, ƙanwar Talal, wadda ke kula da shi a gida. Muryarta ƙasa-ƙasa, da ji daga kicin take. Ta ce ba ya cin abinci, ya rufe kansa a ɗaki da takardun da muka ba shi, yana ta karantawa yana rubutu a gefe. Ta ce jiya ya tambaye ta ko mutum na jin ƙarar abin hudawar. Na fara yi mata bayani irin wanda na saba, ta katse ni.

"Abu Lina, ni fa ba Dakta ba ce. Ni na wanke finjalan ranar."

Na ce ban gane ba.

"Ka gane. Baba ya ce a'a sau biyu kafin ku zo. Ka tambayi kanka me ya juya shi." Sai na ji wani ya kira ta, ta kashe.

Na zauna da wayar a hannu. Wata nas ta leƙo ta ce lafiya, na ce jinina ne ya ɗan sauka.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe 6 na safe

Bari in rubuta, ko zan iya zuwa aiki.

Ranar 18 ga Satumba muka je gidansu, ni da Dakta Lamis. Aka zaunar da mu a zauren baƙi. Baffanninsa biyu suna nan, da maƙwabta uku da suka ji an yi baƙi daga Amman. Talal na can kusurwa, hannu a tsakanin gwiwoyi. Dakta ta yi bayani mai kyau, ba ta ɓoye komai ba. Abu Talal ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Dakta, a huda kan ɗana idonsa biyu? Ku ba mu lokaci, mu yi shawara." Duk wanda ya tashi a kudu ya san a'a ke nan, an sa mata riga. Dakta ta fara tattara takardu.

Sai aka zagayo da gahawa. Dakta ta karɓa ta sha, ta girgiza finjali alamar ya ishe ta, kamar yadda na koya mata a mota. Aka zo kaina. Na karɓa da hannun dama, na ajiye a ƙasa a gabana, ban kai baki ba.

Na so in rubuta cewa hannuna ne ya yi da kansa. Ƙarya ne. Tun ana zuba wa mutum na uku nake tunani. Na tuna goma sha ɗaya, na tuna ƙarshen wata, na tuna Umm Ra'id, na ajiye.

A wurinmu baƙon da ya ajiye finjali da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai an biya masa. Da haka ake neman aure, da haka ake sulhun jini. Maigidan da ya bari gahawa ta huce a gaban baƙonsa, har jikokinsa sai an yi wa gori. Baffannin suka dubi finjalin, suka dubi ɗan'uwansu. Ina ganin jijiyar wuyan tsohon tana harbawa. Dakta tana can tana neman murfin bironta a jaka, ba ta ga komai ba. A Amman aka haife ta, a waje ta yi karatu, gahawa a wurinta abin sha ne kawai.

Abu Talal ya ce, "Sha gahawarka, ɗana. Abin da ka zo nema ka samu."

Na sha. A mota Dakta tana ta mamaki, wai dattijon ya fi yadda ta zata wayewa. Bayan kwana uku aka kawo Talal ya sa hannu a ofis, a gaban shaida, ni kuma na karanta masa shafi na goma sha huɗu da muryata mai daɗi.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Na faɗa wa Dakta. Da farko dariya ta yi. "Finjali? Gassan, a wane ƙarni muke?" Da ta ga ban yi dariya ba, ta tashi ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Mutum ne baligi, ya fi ni iya lissafi. Likitoci biyu da ba namu ba sun ce hankalinsa ya isa yanke shawara. Ya sa hannu bayan kwana uku, ba a zauren ba. Me kake so in yi?"

Na ce ba shi ya amince ba, ubansa ne, shi ma ɗin ni na matse shi a lungu.

Ta cire tabarau ta murza ido. Ba muguwa ba ce, shekara tara ta zuba a wannan aiki. Ta ce, "To ka shiga da shi ɗaki, ku biyu, a kori tsohon zuwa kanti, ka tambaye shi. In ya ce ba ya so, wallahi da hannuna zan soke."

Na ce ba zai iya cewa a'a ba muddin maganar ubansa na tsaye. In ya janye, ya kunyata tsohon a gaban ƙauye.

"Ka gwada?"

Na ce ba sai na gwada ba, na san mutanena.

Ta ce, "Sanin mutanen naka ne ya kawo mu nan." Na haɗiye, don gaskiya ta faɗa.

Saura kwana goma sha biyu.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan isha'i

Na kama hanyar Karak da sassafe, na yi Juma'a a can. Na ce in tsohon ya saki maganarsa da kansa, komai ya warware. Na same su a gonar zaitun, an shimfiɗa tamfol ƙarƙashin itatuwa, mata na tsinka, shi yana zaune yana tsince ganye. Na tsuguna na taya shi, sannan na ce, "Baffa, abin da na yi ranar nan kuskure ne. Na janye buƙatata. Ka ɗauka ban zo ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka sha ko ba ka sha ba?"

Na ce na sha.

"A gaban maza nawa?"

Na ce biyar.

"To yanzu so kake a ce Miflih ya shayar da baƙo, sannan ya lashe maganarsa? Ko a ce baƙon ya dawo ya ce wasa yake yi da shi? Wanne ka zaɓar min?" Sai ya watsar da ganyen hannunsa. "Kana tsammanin ina barci? Kullum in na rufe ido sai in ga kan yaron nan a buɗe. Amma na faɗa, kuma wataƙila Allah ne ya sa ka ajiye. Shekara bakwai ina kallonsa kamar an kashe fitila. Tashi mu je ka ci abinci."

A tsakar gida Nawal ta tare ni, ta nuna taga mai rufaffen murfi da haɓa. Ta ce, "Yana ciki. In kira shi?" Na ce ta bar shi ya huta, kada a ƙara masa nauyi. Na ci mansaf kamar mai cin yashi, na kamo hanya.

Asabar, 18 ga Oktoba, da la'asar

Saura goma. Ko wayar wani ta yi ƙara sai na duba tawa.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe 7 na safe

Na rubuta wa kwamitin da ke sa ido kan bincike wasiƙa, shafi biyu, da sunana a ƙasa. Na ba Suhad ta karanta, don ban taɓa faɗa mata ba sai yau. Ta karanta a tsaye, ta zauna, ta sake karantawa.

Ta ce, "Kai ɗin? Kai da ko a layin burodi ba ka iya tsallake mutum?"

Na ce ni ɗin.

"Za su kore ka."

Na ce wataƙila.

Ta ninke takardar ta miƙo min. "To ka kai. Gara in zauna da korarre da in zauna da wannan fuskar da kake yawo da ita wata guda. Amma shi mai kan, ya san ka rubuta?" Na ce ai don shi na rubuta. Ta buɗe baki, sai Lina ta fito tana kukan an ɓatar mata da takalmin makaranta, maganar ta tsaya nan.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe 3 na rana

Kwamiti sun kira ni, mutum bakwai a dogon tebur, ni a ƙarshe kamar ɗan jarrabawa. Dakta Lamis a gefe, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Na faɗi komai. Wata lauya a cikinsu ta ce ita ba ta ga tilas a nan ba, an yi barazana ne, ko an yi alkawarin wani abu? Wani ya ce in aka fara soke sa hannu saboda kofin gahawa, ba binciken da zai rage a ƙasar nan.

Shugaban kwamitin, tsohon likitan yara ne, mutumin Ma'an, ɗan kudu kamarmu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "A ƙasa ka ajiye, ko a kan tebur kamar mai gyara zama?" Na ce a ƙasa. "A gaban baffanninsa?" Na ce eh. Ya juya wajen lauyar ya ce, "'Yata, da ya shiga gidan da bindiga, da tsohon ya fi samun hanyar ƙi." Sannan ya ce min, "Kai kuma, wanda ya koya maka wannan don sulhu ya koya maka, ba don cika lamba ba. Je ka."

Kunya ta rufe ni har na rasa ƙofar fita.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe 1 na rana

Sun yanke. Sa hannun Talal bai inganta ba, an soke tiyata. In za a sake, sai wani daban ya yi masa bayani daga farko, a jira sati shida. Ana rufe ɗaukar mutane ranar 31, ke nan ya fita har abada. Ni an mayar da ni ɗakin ajiye fayil kafin a gama duba lamarina. Za a ci gaba da goma sha ɗaya, in sakamako ya fito da rauni, ya fito.

Na haɗu da Dakta a matakala. Ta ce, "Ka huta yanzu?" Ta wuce.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe 9 na safe

Na yi barci har Suhad ta tashe ni da duka. Wata guda rabona da irin wannan. Na ɓata, na gyara. Ba za a taɓa kansa ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe 11 na safe

Asibiti sun aika musu takarda, amma na ga ya kamata in kira da bakina. Na ce wa Abu Talal hukuma ce ta soke, maganarsa tana nan ba ta faɗi ba, ba wanda zai ce shi ya janye. Ya ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri," ya kashe ba sallama. Bayan minti goma Nawal ta turo saƙo: Allah ya saka maka. Na karanta ya fi sau biyar.

Ɗakin fayil ba taga, amma ba laifi.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe 2 na rana

Bari in bi a hankali.

Bakwai saura na iso, mai gadi ya ce wani na jirana. Talal ne a kan bencin bakin sashenmu, shi kaɗai, da 'yar jaka a cinya. Kansa a aske tas, da yanka biyu a bayan kunne inda reza ta kama shi. Shekara bakwai bai fita ƙauye ba sai an riƙo shi. Yau ya hau motar farko daga Karak, ya sauka, ya sake hawa wata, ya kawo kansa.

Na ce, "Ustaz, ba a faɗa maka ba?"

"An faɗa."

"To me ya..."

"Zauna, Abu Lina. Ina jin wuya in ɗaga kai."

Na zauna. Ya buɗe jakar ya ciro takardunmu, shafi goma sha huɗun nan. Ba gefen da bai cika da rubutu ba, lambobi, alamomin tambaya, wani wuri ya ja layi uku. Ya ce ranar da ya sa hannu ba ya so, gaskiya ne, don ubansa ya sa. Ya ce da ya koma gida tsoro ya hana shi zama, sai ya fara karantawa don ya san abin da zai kashe shi. Ya lissafa haɗarin, ya sake lissafawa. "Sati biyu ina aiki. Ka san rabona da in yi aiki? Wata rana na farka na ji ina son in san amsar. Ban ce ina son aikin ba. Ina son in sani. Shekara bakwai ban so komai ba, ko ruwa."

Na ce amma ranar tambayoyi ya ce min a takarda.

"Na faɗa. Na jira ka ce, a zuciyarka fa? Sai ka sa alama."

Na ce don in kare shi na yi, na ga an tilasta masa, kuma ni na jawo.

Ya gyaɗa kai, ba fushi a fuskarsa, da ma ya yi fushin da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Ranar Juma'ar da ka zo ina jin muryarka a tsakar gida. Na sa riga, na zauna a bakin gado. Na ji Nawal ta ce in kira shi." Ya tsaya ya huta. "Babana ya ce eh a madadina. Kai ka ce a'a a madadina. Mutum bakwai sun zauna a kaina, an ce min har da lauya. Duk mutanen kirki ne."

Na ce, to da za a buɗe ƙofar yanzu, zai shiga?

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Shi ya sa na yi aski, na ƙi cin komai tun jiya kamar yadda takarda ta ce. Na ce in zo har bakin ƙofa in ga me ƙafata za ta yi. Wataƙila da na juya. Amma da ni na juya."

Ƙarfe takwas ta buga muna zaune. Aka wuce da wani a kan gado zuwa wani aikin daban, ya bi shi da ido har lif ya rufe. Sannan ya mayar da takardun jaka, ya ce in nuna masa inda ake hawa motar tasha. Na ce in kai shi har gida, ya ce a'a. Na ce to in kira likitansa ya gan shi kafin ya tafi, ya ce, "Ka ga, yanzu ka tambaya. A'a." Na raka shi bakin titi, na saya masa burodi mai riɗi, ya karɓa don kada in ji kunya. Ta taga na ga ya ajiye shi a kujerar gefe.

Na faɗa wa likitansa duk da haka, don doka ce kuma ina tsoro. Wannan ma ban san ko daidai na yi ba.

Talata, ƙarfe 5 na yamma

Nawal ta ce ya iso. Ya shiga ɗaki ya rufe. Na ce kada su bar shi shi kaɗai da yawa.

Laraba, 29 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe

Na je wurin Dakta na ba ta labari. Ta ce ana iya roƙon kwamiti su ɗaga ranar rufewa saboda mutum ɗaya, ba a taɓa yi ba, kuma da wuya su yarda, amma in za a nema sai kafin jibi. Na ce yanzu zan rubuta. Na sauka ɗakin fayil na rubuta shafi guda cikin minti ashirin, ta yi kyau ƙwarai. Har na miƙe zan kai, sai na koma na zauna.

Laraba, ƙarfe 12 na rana

Na kira wayarsa sau uku, bai ɗauka ba. Na kira Nawal. Na ce ta je ta faɗa masa akwai wasiƙa a hannuna, ba zan kai ba kuma ba zan yaga ba sai abin da ya ce, in ya ce in bar shi ma na bar shi. Ta ce, "Baba na nan, in ba shi?" Na ce a'a, Talal.

Na ji takunta, na ji ta ƙwanƙwasa, na ji ta faɗa. Ta ce ya ce in jira.

Ta ajiye wayar a bakin ƙofarsa ta koma aikinta. Ina jin kaji, ina jin wani yana jan buhu a tsakar gida. Minti arba'in ke nan wayar tana kunnena, da ɗaya hannun nake wannan rubutu. Ƙofar ba ta buɗe ba tukuna.